Riƙo a Buɗe: Abin da Mai Neman Jariri a Amurka Zai Tarar

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan fari yakan tashi a ɗakin kakarsa, matar da Allah bai ba haihuwa ba kuma 'yan'uwa sukan ba ta ɗiya ta riƙe har ta aurar. Duk unguwa ta san wadda ta haifa da wadda ta rena, yaron ma ya sani. Saboda haka idan aka gaya wa Bahaushe mazaunin Amurka cewa akwai hanyar ɗaukar jariri ta hannun ƙungiya mai lasisi, inda mahaifiya da mariƙa suke sanin juna, ana ziyara ana aika hotuna, yana iya cewa ai wannan tsarinmu ne tun kaka da kakanni. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. A riƙon gida dangantakar ɗa da mahaifansa tana nan daram, in zama ya ɓaci sai a je a ɗauko shi. A Amurka alƙali ne yake yanke igiyar gaba ɗaya. Mahaifiya ta daina zama uwa a dokance, a fitar da sabuwar takardar haihuwa da sunayen mariƙa kamar su suka haifa, sannan duk ziyarar da za ta biyo baya, a mafi yawan lokuta, ta dogara ne da cika alƙawarin mariƙa. A nan nauyin al'amarin yake, kuma nan ne tallan ƙungiyoyi ya fi yin shiru.

Kafin a kai ga buɗewa an daɗe ana kullewa. A 1917 jihar Minesota ta kafa dokar da ta wajabta binciken gidan mariƙa, ta kuma killace takardun kotu daga idon jama'a, don a tsare yaro daga gori. Sauran jihohi suka bi sahu, har kullewar ta kai ga masu abin da kansu: uwa ba ta san inda aka kai ɗanta ba, ɗan kuma ko ya yi furfura ba shi da ikon ganin takardar haihuwarsa ta asali. Kansas da Alaska ne kaɗai ba su taɓa hana baligi ganin tasa ba. Tsakanin 1945 da 1973 mata fiye da miliyan ɗaya da suka yi ciki ba aure suka rabu da jariransu, da yawa bayan an ɓoye su a gidaje na musamman har suka haihu. Aka ce musu su koma gida su manta. Ba su manta ba. Wannan rufa-rufa kuma ta yi wa miyagu daɗi: a birnin Memfis wata mata mai suna Georgia Tann ta shafe shekaru tana sayar da yara, wasunsu ƙwato su aka yi daga hannun matalauta, kafin asirinta ya tonu a 1950.

Waɗanda abin ya ci ne suka fara ɗaga murya. Florence Fisher, wadda ita ma riƙonta aka yi, ta kafa ƙungiyar ALMA a 1971 don masu neman asalinsu. A 1976 Lee Campbell ta haɗa kan iyaye matan da suka ba da 'ya'yansu. Sai dai ba kukan nan kaɗai ya sauya al'amarin ba, lissafi ma ya sa hannu. Kafin 1973, cikin kowace ɗari ta matan da suka haihu ba su taɓa aure ba, kusan 9 sukan ba da jaririn. Zuwa shekarun 1990 adadin ya faɗo wajen 1. Masu nema suka ninka jariran da ake samu, mahaifiya ta sami bakin magana, ita ce mai zaɓen gidan da ɗanta zai shiga. Ƙungiyar da ba ta yi mata alƙawarin ganin ɗanta ba sai ta rasa masu zuwa wurinta. Ya kamata mai nema ya riƙe wannan a ransa: buɗewar ta zo da alheri na gaske, amma kuma ta zama abin jan hankalin mai ciki ta yarda ta bayar.

A 2012 Cibiyar Donaldson ta tambayi ƙungiyoyi 100 masu wannan aiki, ta tarar kashi 5 cikin 100 ne kawai na riƙon jarirai ake yi a rufe. Kashi 55 a buɗe suke sosai, ana sanin suna da gida, ana haɗuwa. Sauran kashi 40 tsaka-tsaki ne, ƙungiya ce ke kai wasiƙa da hoto tsakanin ɓangarorin biyu. Wanda ya shiga da tunanin zai sami na rufe, ya riƙa jira ke nan. Ko ya samu ma, zamani ya riga ya wuce shi, domin yaro ɗan shekara 18 zai tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa kamfanin AncestryDNA, cikin makonni a nuna masa danginsa na jini.

Matakin farko shi ne binciken gida. Jami'ar kula da walwalar jama'a za ta zo ta ga inda ake zaune, ta yi hira da miji da mata tare da kuma kowa shi kaɗai, a ɗauki hoton yatsu a duba ko an taɓa aikata laifi ko cin zarafin yaro, a nemi takardar likita da shaidar samun kuɗi da wasiƙun waɗanda suka san ma'auratan. Za a yi tambayoyin da Bahaushe bai saba amsa wa baƙo ba: me ya hana ku haihuwa, yaya kuke yi in kun saɓa, da me iyayenku suka hore ku, za ku ɗaga wa yaro hannu ko a'a. Bayan haka sai a haɗa kundin hotuna da wasiƙa, wanda za a nuna wa mata masu ciki su zaɓa. Jiran na iya zama watanni, yana iya haura shekara biyu. Wasu ƙungiyoyin na coci ne, sukan nemi shaidar fasto, don haka Musulmi ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin fom.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi, amma ba ta ƙetaruwa. Ƙiyasin da sashen kula da yara na gwamnatin tarayya ya wallafa ya sa riƙo ta hannun ƙungiya tsakanin dala 30,000 zuwa 60,000. Akwai rangwamen haraji, wanda a 2024 ya kai dala 16,810 ga kowane yaro, amma sai an kashe ake nema. Sayen jariri laifi ne a kowace jiha. Abin da doka ta yarda da shi a yawancin jihohi shi ne a ɗauke wa mai ciki kuɗin asibiti da haya da abinci na wani lokaci, kuma wannan kyauta ce, ba bashi ba. In ta haihu ta ce ta fasa, kuɗin sun tafi. Ƙungiyar ma kanta tana iya durƙushewa. A Janairun 2017 Independent Adoption Center ta Kalifoniya, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a buɗaɗɗen riƙo, ta rufe ƙofa dare ɗaya ta ce ta karye, ta bar iyalai kusan 1,900 da suka riga suka zuba kuɗinsu. Don haka mai hankali zai tambaya: iyalai nawa ke jira a hannunku, jarirai nawa kuka miƙa bara, nawa ake biya tun farko, nawa sai an karɓi yaro, kuma in haɗin ya warware me ake mayarwa. Ya kuma bambance ƙungiya mai lasisin jiha da dillalan intanet masu haɗa mai ciki da mai nema su karɓi la'ada. Kalifoniya ta haramta aikin irin waɗannan dillalai tun farkon 2024.

Amma tambayoyin da suka fi waɗannan muhimmanci ba a kan mai nema suke ba, a kan mai cikin suke. Wa ke ba ta shawara, kuma wa ke biyan mai ba ta shawarar? Tana da lauyanta na kanta, ko lauyan mariƙa ne ke karanta mata takardar da za ta sa wa hannu? An nuna mata tallafin da za ta iya samu in ta zaɓi riƙe ɗanta? Cikin matan da suka zo wurin ƙungiyar bara, nawa suka koma gida da jariransu? Ƙungiyar da ta yi alfahari cewa kusan ba a fasawa a wurinta, ni dai tsoro take ba ni, domin mace ba ta rabuwa da abin da ta haifa cikin sauƙi sai in an toshe mata sauran hanyoyi. Gretchen Sisson, mai binciken zamantakewa, ta yi hira da mata sama da 100 da suka ba da jariransu, ta fitar da littafi a 2024, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a bakinsu shi ne rashin kuɗi da rashin madafa, ba rashin son ɗan ba. Mariƙi zai zauna da wannan yaro har ya girma ya tambaye shi yadda aka yi. Gara ya tabbatar tun yau cewa amsar da zai bayar ba za ta sa shi sunkuyar da kai ba.

Akwai wani misali da ya kamata ya taɓa mu fiye da kowa. Mutanen tsibiran Marshal da ke tekun Pasifik suna da riƙo irin namu, yaro ya tashi a gidan dangi kuma bai daina zama ɗan uwarsa ba. Masu neman riba suka yi amfani da wannan fahimta, suka riƙa kawo mata masu ciki Amurka su haihu su sa hannu, da yawansu suna zaton yaran za su yi karatu su dawo. Paul Petersen, lauya kuma zaɓaɓɓen jami'i a jihar Arizona, ya amsa laifinsa a kan wannan harka, aka yanke masa ɗauri a 2020. Wanda ya fito daga al'adar riƙo ya fi kowa sanin yadda mace za ta ji an ce mata za ta ci gaba da ganin ɗanta, ta ɗauka ɗan yana nan nata. Wajibi ne a tabbatar ta gane cewa abin da take sa wa hannu ba ya dawowa.

Kafin ta sa hannu, jaririn nata ne, ko da mariƙa sun gyara ɗaki sun sayi gado, ko da suna tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa. Kowace jiha da tata doka. A Kansas tana iya sa hannu bayan sa'o'i 12 da haihuwa, a Teksas sai bayan 48, a Fensilbaniya sai bayan 72 kuma tana da kwana 30 na janyewa. A Ingila amincewar da uwa ta bayar kafin jariri ya cika mako shida ba ta da ƙarfi a kotu. A ƙasar Hausa mai jego da ƙyar ta gama arba'in a wannan lokaci, balle a ce sa'o'i 12, jinin haihuwa bai tsaya ba, wataƙila maganin kashe zafi bai sake ta ba. Doka ta halatta, amma ba duk abin da doka ta halatta ne ya kamata a yi gaggawarsa ba. In ta fasa, zafin da mariƙa za su ji na gaske ne, kuma ba wanda zai ce kada su yi kuka. Sai dai ba yaudararsu aka yi ba. Uwa ce ta ga ɗanta ta kasa.

Uba ma yana da haƙƙi, kuma sakaci da shi ya sha rusa gidaje. A shari'ar da aka sani da sunan Baby Jessica, uwar ta ambaci wani mutum dabam a matsayin uba, uban gaskiya bai taɓa sa hannu ba, aka yi ta ja-in-ja tsakanin Ayowa da Mishigan har 1993, lokacin da aka ɗauke yarinyar tana da shekara biyu da rabi daga gidan da ta sani. Jihohi da dama yanzu suna da rajistar da namiji zai sa sunansa in yana zaton cikin nasa ne. Ƙungiyar kirki za ta nemi uban da gaske, ba ta lallaɓa ta wuce shi ba. In yaron yana da jinin ƙabilun asali na Amurka, akwai dokar tarayya ta 1978 da ta ba danginsa da ƙabilarsa fifiko, kuma Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da ita a 2023. In kuma a wata jiha aka haife shi, ba a fita da shi sai jihohin biyu sun amince, abin da kan zaunar da mariƙa a otal mako ɗaya ko biyu. Daga nan sai jami'a ta yi ta zuwa duba zaman yaron, galibi wajen wata shida, kafin alƙali ya kammala.

Ranar da aka kammala, ƙarfi ya koma hannun mariƙa kacokan. Jiya su ne masu roƙo, yau su ne masu buɗe ƙofa ko rufe ta. Akan rubuta yarjejeniyar zumunci, a ce hotuna sau kaza, ziyara sau kaza a shekara. A wajen rabin jihohi kotu na iya tilasta cika ta in an shigar da ita yadda doka ta tsara, a sauran kuwa takarda ce ta mutunci kawai. Ko inda ake tilastawa, saɓa ta ba ya warware riƙon, kuma matar da talauci ya sa ta ba da ɗanta ba ta da kuɗin lauyan da zai kai ƙara. Alƙawari kaya ne, kuma wannan an ɗauke shi ne ga wadda ta ba da abin da ya fi komai tsada a wurinta saboda ta yarda da shi. Don haka kada a yi alƙawarin ziyara kowane wata don a burge ta ta zaɓa, alhali zuciya ta san sau biyu a shekara za ta iya. A faɗi kaɗan ɗin da za a cika, in zama ya yi daɗi a ƙara.

Fargabar da ke sa mariƙa rufe ƙofa sananniya ce: kada yaro ya rikice ya rasa wace ce uwarsa, kada mahaifiya ta zo ta ƙwace shi. An bincika wannan. Tun ƙarshen shekarun 1980 Harold Grotevant da Ruth McRoy suka fara bin iyalai 190 na mariƙa da mahaifa mata 169, suka ci gaba da komawa wurinsu har yaran suka zama manya. Yaran ba su rikice ba, sun san wa ke kwana da su in zazzaɓi ya tashi. Mariƙan da suka san mahaifiyar ido da ido su ne suka fi ƙarancin tsoron za a ƙwace musu ɗa, domin wanda ba ka taɓa gani ba shi ya fi ba ka tsoro. Iyaye matan da ke samun labarin 'ya'yansu sun fi samun sauƙin baƙin ciki. Abin da ya fi tasiri ga yaran kuma ba yawan ziyarar ba ne, gamsuwarsu da yadda take tafiya ne. Ga kuma amfanin da ba a cika tunawa ba sai an je gaban likita, a ce akwai mai ciwon suga ko sikila a dangi, a ɗauki waya a tambaya.

Wannan ba ya nufin abin yana da sauƙi. Zaman ya fi kama da surukuta: mutane ne da ba ka tashi da su ba, wataƙila addininku da tarbiyyarku ba ɗaya ba, amma wani da kuke ƙauna ya ɗaure ku har abada. Mahaifiya na iya ɓacewa shekara biyu saboda ganin yaron yana fama mata ciwo, ta bar mariƙa da aikin bayyana wa ɗan shekara shida dalilin da ya sa ba ta zo ba. Tana iya fama da shaye-shaye, sai a mayar da ziyara wurin jama'a ko a koma wasiƙa na wani lokaci. Tana iya sake haihuwa ta riƙe wannan, yaron ya tambayi abin da ya sa shi aka bayar. Tana iya roƙon kuɗi. Sa iyaka don kare yaro daidai ne. Toshe lamba don an gaji da nauyin zumunci wani abu ne dabam, kuma yaron zai gane bambancin in ya girma. A nan ake gane ƙungiyar kirki, wadda za a kira bayan shekara takwas ta zauna ta sasanta, ba wadda ta rufe fayil ranar da kuɗi suka shiga ba.

Ga Musulmi akwai ƙarin magana. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab sun soke mayar da ɗan riƙo ɗan cikin mutum, har Zaidu ya koma amsa sunan mahaifinsa Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da aka hana shi ne ɓatar da nasaba, renon yaro kuwa aikin lada ne babba. Ta wannan fuska buɗaɗɗen riƙo ya fi rufaffe kusa da abin da shari'a ke nema, tunda yaro ya san asalinsa. Amma sauran hukunce-hukunce suna nan. Ba ya gado kai tsaye, sai ta wasiyya da ba ta wuce sulusi ba ko kyauta tun da rai, alhali dokar Amurka tana ɗaukarsa magaji kamar kowane ɗa, don haka sai an rubuta wasiyya da hannun lauya da shawarar malami. Ba ya zama muharrami sai in mariƙiya ta shayar da shi cikin shekaru biyun farko. Likitoci suna da hanyar sa nono ya zo wa macen da ba ta haihu ba, amma shirin yana ɗaukar makonni ko watanni, ana fara shi tun kafin a haifi jaririn. A mazhabar Malikiyya shan da ya kai ciki ko sau ɗaya ya isa, Shafi'iyya kuwa sai sau biyar.

Batun suna da takarda shi ne wanda ba ya jira. A kotu ana iya roƙon a bar wa yaro sunan gidansu na asali ko a haɗa shi da na mariƙa, amma dole a gaya wa lauya kafin ranar kammalawa. Takardar haihuwa ta asali kuma, ko a riƙon da ya fi kowane buɗewa, jihohi da yawa suna kulle ta da zarar sabuwa ta fito. Oregon ta buɗe wa manya tasu bayan ƙuri'ar jama'a ta 1998, New York sai a Janairun 2020, wasu har yau sai da umarnin alƙali. Kafin a kammala, mahaifiya tana da ikon zuwa ta karɓi kwafi mai hatimi, mai ɗauke da sunanta da sunan da ta raɗa wa ɗanta. A roƙe ta ta karɓo guda biyu, ɗaya a hannunta, ɗaya a ajiye wa yaron.